Horar da yara ƙwallo da koya musu sana'a

Tsohon koci: Assalamu alaikum. Na daɗe ina dukanci a Kasuwar Kurmi, da yamma kuma ina horar da yaran unguwa ƙwallo. Yanzu da girma ya zo, shin ya dace in ci gaba da wajabta wa kowane yaro koyon sana'a?

Ɗan kasuwa: Wa alaikumus salam, Baba. Ka ci gaba, domin ko da yake Ahmed Musa ya buga wa Kano Pillars har ya kai Leicester a 2016, yawancin yara ba sa samun ko kwantiragin gida.

Tela: Malam, tilas tana korar yaro. Gara ka fara nuna musu ɗinkin takalman wasansu da suka yage, sannan ka koya musu bambanta uwar kuɗi da riba.