Neman kalmar Hausa: dawar da ƙwari ba sa iya mata

Mai Shirin Noma: Salam jama'a, don Allah a taimaka, gobe ƙarfe 8 zan naɗi shiri a rediyo kan yadda ake fitar da irin dawa da ƙwari ba sa cinyewa, irin aikin cibiyoyin binciken noma na IAR Samaru da ICRISAT. Takardar da nake amfani da ita ta raba kalmomin Turanci resistance da tolerance, ni kuma duka juriya na rubuta, hankalina bai kwanta ba.

Malamar Gona: Ai ba ɗaya ba ne. Juriya, wato tolerance, ita ce tsutsar kara ta huda karan ta ci amma duk da haka dawar ta fid da zangarniya. Resistance kuwa shukar ce ke tare ƙwaron tun farko, kamar ɗan ƙudan nan ja mai saka ƙwai lokacin da dawa ke fure, ka zo girbi ka murza zangarniya ka ji fanko, to irin da ƙaiƙayinsa gajere ne a matse wuya yake ba shi wajen saka ƙwan. Ni turjiya nake cewa.

Baban Nahawu: Turjiya ta jaki ce Hajiya. GARKUWA, garkuwar dawa. Na daɗe ina faɗa, tunda mun karɓi garkuwar jiki me ya rage? Matsalarmu sai an ji kalma a BBC Hausa ake yarda da ita.

Ɗan Maraɗi: Malam kuma ku sai Hausar Kano kuke ɗauka ita ce Hausa, mu fa a nan manomi cewa zai yi ƙwari ba su kama ta, ya gama magana.

Baban Nahawu: Wannan jimla ce ba kalma ba, ɗalibi ba zai rubuta ta a jarrabawa ba.

Malamar Gona: Malam in aka ce garkuwa manomi zai zaci rigakafi aka yi wa irin, ko an taɓa ƙwayar halittarsa kamar waken SAMPEA 20-T na 2019, alhali wannan barbara ce kawai tsakanin dawa da dawa sannan a yi ta zaɓe shekara da shekaru. Ina shiga ƙauye, na san tambayar da za ta biyo baya.

Mai Shirin Noma: Na gode ƙwarai. Juriya ta zauna a wurinta, ɗayar zan ce turjiya ga ƙwari sau ɗaya in bi da bayanin Ɗan Maraɗi.

Baban Nahawu: To, ka yi na gobe da ita. Amma a littafi ban yarda ba tukuna.