Imel ɗin ofis yana fita amma ba ya shigowa, wa ya taɓa gani?

Ɗan Kwari: Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau kwana uku ke nan imel ɗin kamfaninmu yana tura saƙo lafiya lau, amma ko ɗaya bai shigo ba. Mai turo mana yadi daga Guangzhou ya rantse sau biyu yana aiko takardar kuɗin kaya. Wallahi hankalina a tashe yake. Abin da na san an taɓa kawai, makon jiya wani yaro ya kwashe shafinmu na intanet ya mayar da shi wani kamfani.

Mai Gyaran Kwamfuta: Wa alaikumus salam Alhaji. To ai nan gizo ke saƙa. Na gamu da irin wannan a wata makaranta. Kowane sunan domen na imel, wato sunan da ke bayan alamar @ a adireshinku, yana da rikodin MX, shi ke faɗa wa duniya ƙofar da za a kai wasiƙunku. In aka sauya masaukin shafi ba a kwafo MX ɗin ba, sai saƙonni su riƙa bugun ƙofar da ba kowa. Fita kuwa ba ruwanta da MX, shi ya sa kuke iya turawa. Ku shiga shafin MXToolbox ku rubuta domen ɗin ku ga inda yake nuni. Bayan an gyara a ɗan yi haƙuri, wani lokaci awa ɗaya ya isa, wani lokaci sai an kusa awa 48.

Maman Biyu: Ni nawa akwatin ne ya cika da hotunan kaya, ban sani ba. Alhaji, ka ce wa mutumin ya turo maka ta WhatsApp saƙon da ya koma masa. In ka ga lamba 5.2.2 a cikinsa, akwatin imel ya cika. In 5.1.1 ne, ana nufin babu wannan adireshin a can.

Akanta: Don Allah kada a tsaya a nan. Mu wani ne ya sace kalmar sirrin maigidanmu, ya shiga ya kafa doka cewa duk saƙon da ke maganar biyan kuɗi a karkatar da shi waje a goge. Sauran saƙonni na shigowa, shi ya sa muka yi sati biyu ba mu farga ba. Sai ga lambar asusu sabuwa wai daga dilanmu. Allah ya sa na ɗaga waya na kira shi kafin in tura ko kwabo, har yau in na tuna gabana faɗuwa yake. Ku duba dokokin tace saƙo da na turawa gaba, ku sauya kalmar sirri.

Ɗan Kwari: Alhamdu lillahi, MX ɗin ne. Yaron ya mayar da shi bayan azahar, kafin magariba saƙo ya fara shigowa. Na kwana ukun nan dai duk sun koma wa masu su da 5.1.1, yanzu haka ina bin su ɗaya bayan ɗaya a waya su sake turowa. Malam Akanta, dokokin ma na duba, babu komai. Allah ya saka da alheri.