Wane suna ya dace da kulob ɗinmu na iyo da wasanni?

Ɗan Watari:
Slm jama'a, shawara nake nema. Mu matasa ne a wani ƙauye kusa da Bagwai, tun hatsarin kwale-kwalen nan na 2021 a dam ɗin Watari da ya ci ɗaliban islamiyya muke ta maganar koya wa yara iyo, to yanzu Allah ya yi mun samu masunta biyu da za su koyar, ga filin firamare da yamma don ƙwallo da tsere. So muke kowa ya shigo har guragu da makafi da kurame, ƙanena ma shan inna ta taɓa masa ƙafa amma a ruwa wlh ya fi ni. Rigimar a kan suna ne da tambarin jesi, wasu sun ce a sa Kulob ɗin Masu Buƙata ta Musamman a zana keken guragu wai an fi saurin samun tallafi, ni dai bai kwanta min ba.

Mai Keke:
Ɗan uwa ni gurgu ne, shekarata takwas ina buga ƙwallon guragu, wadda muke zama a kan katako mai taya muna buga ta da hannu. Don Allah kar ku zana keken nan. Kuna sa shi masu ƙafa za su ce ai ba namu ba ne, mu kuma mu ji kamar an fito da mu bara. Ku je wajen Sarkin Guragu da Sarkin Makafi na yankinku tun kafin a buga komai, kuma ku sa ɗaya daga cikinmu a kwamiti ba sai ranar ɗaukar hoto a tuna da mu ba. Sannan tambaya, ta ina zan bi in isa bakin ruwan? Keke fa ba ya tafiya a yashi, in babu katako da aka shimfiɗa ko dakali to sai dai a ciccibe ni gaban mutane, kuma ba zan sake dawowa ba.

Maman Ilham:
Ai suna na nan a bakin kowa, iya ruwa fidda kai. Ku sa Fidda Kai kawai, tambari ku zana gora irin ta masunta. Amma ƙanena ban ji ka ambaci 'yan mata ba, in babu ranarsu daban da mace mai koyarwa ba uban da zai bar 'yarsa, ku rubuta hakan ɓaro-ɓaro a fasta. Makafi kuma fasta ba ta yi musu komai, a sanar a masallaci bayan Juma'a a tura murya a WhatsApp, kurame a riƙa ɗaga musu tuta tunda ba sa jin usur.

Na Asibiti:
Ni tsargiya nake jiye muku. Ruwan dam akwai dodon koɗi da ke ɗauke da ƙwayar cutar, yaro ya fara fitsarin jini sunan kulob ya ɓaci a gari ɗaya. Ku yi magana da asibitin yankinku kan maganin praziquantel, ku nemi rigar ruwa mai hana nutsewa ko da goma ce, Sarkin Ruwa kuma shi zai nuna muku inda ba zurfi.

Ɗan Watari:
Na gode ƙwarai. Yaya Mai Keke maganar yashin nan wlh ko kusa ba ta zo mana ba, gobe zan ga kafinta. Fidda Kai ta samu karɓuwa, yanzu kalar jesi ake ta musu a kai.