Iska ta sake yaye mana rufi a Rigasa, ina mafita?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Iskar farkon damina ta sake yaye kwanon ɗakin mahaifiyata, har da katakon, ta watsa shi gidan maƙwabta. Bara ma haka aka yi. Kafinta ya ce ƙusa ce ta yi gajarta, magini kuma ya ce tun farko ba a ɗaure katakon da rodi a jikin gini ba. Kowa da tasa, kuɗin hannunmu kuwa gyara ɗaya za su yi. Yanzu leda muka shimfiɗa, ruwa na ɗiga kan katifarta, ga ta da ciwon ƙafa.

Masana gini, don Allah wanne zai riƙe har Oktoba? Kuma wanda ya taɓa neman tallafin SEMA, wato hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha, ta hannun mai unguwa ake bi ko ƙaramar hukumar Igabi?