Musayar waƙa: uban da da uban yanzu

Ɗan Ringim:
Salamu alaikum 'yan uwa, ga nawa nan, duk mai ji da kansa ya amsa.

Uban da gandu yake riƙewa,
Da asuba 'ya'ya yake tasawa,
Sunan ɗan fari ba ya faɗawa,
Kunya ce, ba ƙiyayya ba kuwa.
Na yanzu waya yake dannawa,
Yana Legas kuɗi yake turowa,
Ɗansa ya yi rarrafe bai gani ba.

Uwar Biyu, Kura:
Ɗan Ringim ka yabi gandu ka manta,
Gonar an raba gado ta ƙanƙanta,
Kadada ɗaya magada goma sun gutsuttsura ta,
Taki ya yi tsada, da me za a noma ta?

kuma don Allah a daina zagin 'yan ci-rani, tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota ya haukace, maigidana da duk sallah biyu yana gida yanzu sai ɗaya, kuma wallahi kullum da daddare sai ya kira ya ji hadda a bakin yaran nan kafin su kwanta

Malam na Bichi:
Ɗan Ringim ka taho da amsa-amon "wa" har ɗango shida, a na bakwai ka faɗa "ba". Ya karye. Hajiya ke kuma ɗangonki na uku ya fi 'yan uwansa tsawo, kari bai zauna ba.

Ɗan Ringim:
Malam na Bichi mai awon ɗango,
Kullum kana jingine a bango,
Yi mana baiti ko ɗaya, rago,
Mu ga ko za ka kai zango.

Ɗan Hadeja:
Kai! Allah ya ja da ran Ɗan Ringim, Jigawa ba a taɓa mu a kwana lafiya

Malam na Bichi:
Jigawar da sai 1991 aka yanke ta daga jikin Kano? Ku girmama iyayenku. Kuma "rago" da "zango" ma ba su gama haɗuwa ba, akwai "n" a ɗaya.

Ɗan Hadeja:
to Malam kunne ke jin waƙa ko ido?

Baban Hanifa, Wudil:
kun bar maganar kun koma faɗan kari, ga nawa ko ya karye ku yi haƙuri

Ni na kai 'yata rigakafi da kaina,
Matan layi suna ta kallona,
Wata ta ce mijin-ta-ce, a gabana,
Zazzaɓin yarinyar nan ya hana ni kwana.
Ni ɗan fari ne a gidan babana,
Har ya rasu bai ambaci sunana.
Na san yana so na, amma a raina
Na so in ji ko sau ɗaya da kunnena.

Uwar Biyu, Kura:
Allah ya jiƙan Baba. wannan ya taɓa ni wallahi, Allah ya raya Hanifa

Ɗan Ringim:
Allah ya yi masa rahama. Amma Baban Hanifa,
Bai kira sunanka ba, ya ba ka gona,
Ya yi maka aure, ya biya sadaki da ƙuna,
Kai me za ka bar wa taka in ka kwana?

Malam na Bichi:
"da ƙuna" cike gurbi ne kawai, ba ma'ana.

Uwar Biyu, Kura:
Malam don Allah ka bar mu. sai yau na samu caji, wutarmu ta ɗauke

Ɗan Ringim tunda tsohon yayi kake so,
Uban da ya tura ɗan shekara shida bara fa, shi ma so?
Da kwano a hannu, ƙafa duk faso,
Lokacin korona a 2020 a mota aka kwaso,
Aka mai da su jihohinsu, wa ya je ya ɗauko?

ka amsa min wannan kafin ka sake yabon gandu