Na'urar TENS ga mai ciwon baya da ya daɗe: shawarwarin 'yan zaure

Malam Habibu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san na'urar nan da ake kira TENS, wadda ake liƙa 'yan faya-fayanta masu ɗanko a fata, ita kuma ta riƙa tura lantarki mai rauni zuwa jijiyoyi. Mahaifina ya daɗe yana fama da ciwon ƙugu, magungunan rage raɗaɗi kuma sun fara damun cikinsa, shi ya sa muke tunanin saya masa ita. Ina son in san ko tana da amfani da gaske, da kuma ko akwai hatsari a cikinta ga dattijo irinsa.

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam, Malam Habibu. Allah ya ba Baba lafiya. Kafin a kai ga maganar saye, ya kamata a fara duba lafiyarsa gaba ɗaya, domin akwai mutanen da bai kamata su kusanci wannan na'ura ba sai likita ya amince. Na farko shi ne wanda aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirji, ko wata na'ura mai aiki da lantarki a cikin jiki, saboda siginar TENS tana iya rikita ta. Haka mai farfaɗiya, da mai matsalar bugun zuciya, da mace mai juna biyu, da wanda ke da ciwon daji a wurin da za a liƙa ta, da wanda jini ya daskare masa a jijiyar ƙafa. Idan Baba yana da ciwon suga, a duba ko fatarsa tana jin taɓi yadda ya kamata, domin wanda fatarsa ta mutu ba zai gane lokacin da ƙarfin ya yi masa yawa ba.

Malama Zainab: Na goyi bayan Hajiya, kuma a matsayina na likitar fisiyo, wato mai jinya ta hanyar motsa jiki da gashi, zan ƙara bayanin yadda abin yake aiki, domin shi zai nuna muku iyakarsa. A shekarar 1965 wasu masana biyu, Ronald Melzack da Patrick Wall, suka gabatar da bayanin cewa saƙon zafi yana bi ta wata irin ƙofa a cikin laka kafin ya isa ƙwaƙwalwa, kuma idan aka motsa manyan jijiyoyin da ke ɗaukar saƙon taɓi, suna rage yawan saƙon zafin da ke wucewa. Wannan ne dalilin da ya sa mutum idan ya buge gwiwa yakan murza wurin ya ji sauƙi. A kan wannan tushe aka gina na'urar. Idan aka saita ta a bugu mai sauri, wajen 80 zuwa 120 a daƙiƙa guda, mutum yana jin tsikari ne mai ci gaba. Idan aka saita ta a bugu mai jinkiri, ƙasa da 10 a daƙiƙa, tsoka takan riƙa ɗan harbawa, kuma ana danganta sauƙin da ake samu da sinadaran kashe zafi da jiki yake fitarwa da kansa. Ko wanne aka zaɓa, ba ta gyara ƙashi, ba ta mayar da faifan gadon baya da ya goce, ba ta warkar da tushen ciwon. Sauƙi take bayarwa lokacin da take kunne da ɗan lokaci bayan an kashe.

Alhaji Nura: Ku gafarce ni, amma ya kamata Malam Habibu ya ji ɗaya ɓangaren ma kafin ya fitar da kuɗinsa. Hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta ce a shekarar 2016 kada a riƙa ba masu ciwon ƙugu TENS, Hukumar Lafiya ta Duniya ma a ƙa'idojin da ta fitar a 2023 kan ciwon baya mai daɗewa ta sa na'urar cikin abubuwan da ba ta so a mayar da su magani na yau da kullum. Dalilinsu shi ne binciken da aka yi bai nuna amfani mai gamsarwa ba. Ni abin da ya fi damuna shi ne masu talla da ke nuna ta kamar ita ce ƙarshen wahala, har mutum ya bar motsa jiki da ganin likita ya dogara da ita.

Malama Zainab: Gaskiya ne, Alhaji, kuma ban ga abin musu a ciki ba. Abin da waɗannan ƙa'idoji suka fi ƙarfafawa shi ne motsa jiki da aka tsara, da ilmantar da mara lafiya a kan ciwonsa, da guje wa doguwar kwanciya. Inda nake ganin na'urar tana da gurbi shi ne idan ta rage wa mutum zafi har ya iya tashi ya yi tafiya ko atisayen da aka ba shi. Saboda haka shawarata ita ce a kai Baba a gwada masa a sashen fisiyo tukuna, a ga ko jikinsa ya karɓa, domin wasu suna jin sauƙi sosai, wasu kuma ko kaɗan ba sa ji.

Malam Isiyaku: Ni ina amfani da ita, kuma zan faɗi abin da aka koya mini da abin da na lura da shi. Ana wanke fata a tsane ta, ba a shafa mai a wurin. Na'urar tana kashe ake liƙa faya-fayan, ɗaya a dama ɗaya a hagu da inda ke ciwo, a kan tsoka ba a kan ƙashin gadon baya ba, kuma a bar tazarar aƙalla santimita biyu da rabi a tsakaninsu don kada su haɗu. Daga nan sai a kunna daga mafi ƙarancin ƙarfi a riƙa ƙarawa a hankali, har a ji tsikari mai ƙarfi kamar tafiyar kiyashi a ƙarƙashin fata, amma ba mai zafi ba. Bayan 'yan mintoci jiki yakan saba, tsikarin ya dushe, sai a ɗan ƙara. Idan ta fara cizo ko tana sa tsoka ta ɗaure, ƙarfin ya wuce kima ke nan. Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne tsufan faya-fayan. Idan ɗankon ya bushe, gefensu ya fara ɗagowa, lantarkin yakan taru a ɗan wurin da ya rage manne, sai a ji suka mai zafi, wani lokaci har fata ta yi ja. Da zarar sun kai haka a canza su, kada a ɗaure su da filasta a ce za a ci gaba.

Hajiya Rabi: A ƙara da wuraren da ba a liƙa ta ko da wasa: gaban wuya da gefensa, domin tana iya sauke hawan jini farat ɗaya ko ta shaƙe maƙogwaro, sai kai da idanu, sai ƙirji da baya a lokaci guda ta yadda lantarkin zai ratsa zuciya, sai kan rauni ko ƙuraje ko kumburarrun jijiyoyi. Ba a tuƙi da ita, ba a wanka da ita, ba a kuma barci tana kunne. Tunda dattijo ne, Malam Habibu, ya fi kyau wani ya riƙa liƙa masa, shi kuma ya riƙe maɓallin ƙarfin a hannunsa.

Malama Zainab: Akwai kuma alamomin da idan an gan su, maganar na'ura ta ƙare, asibiti za a nufa nan take. Su ne kasa riƙe fitsari ko bayan gida ko kasa yin su, da mutuwar fata tsakanin cinyoyi da mazaunai, da raunin ƙafa da ke ƙaruwa, domin suna iya nuna cewa an danne jijiyoyin ƙarshen laka, jinkiri kuma yana iya barin lahani na dindindin. Haka ciwon baya da ke zuwa da zazzaɓi, ko rama ba dalili, ko wanda ya biyo bayan faɗuwa ga mai shekaru, wanda ƙashinsa kan tsage cikin sauƙi.

Malam Habibu: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba yana da ciwon suga, kuma yakan ce tafin ƙafarsa yana yi masa dindiris, saboda haka za mu fara kai shi a duba shi kafin komai. Malama, idan an yarda ya gwada, tsawon wane lokaci ya kamata ya bar ta a kunne?

Malama Zainab: A fara da kamar minti 20 zuwa 30, sannan a ɓare faya-fayan a duba fatar. Ɗan ja da ke washewa cikin ƙanƙanin lokaci ba abin damuwa ba ne, amma idan ya daɗe ko ya zo da ƙaiƙayi ko ƙuraje, a dakata a sanar da wanda ya duba shi, domin wasu ɗankon ne ba ya karɓarsu, kuma akwai faya-fayan da aka yi musamman domin masu irin wannan fata. A riƙa ɗan sauya wurin liƙawa daga rana zuwa rana, kuma ku riƙa rubuta yadda zafin yake kafin a kunna da bayan an kashe, da abin da ya iya yi a ranar, ku tafi da takardar ranar komawa asibiti.