Wai tun da Ibro ya rasu ba a sake yin mai ban dariya ba?

Daga zauren WhatsApp na zumuncin gidanmu, daren Juma'a bayan an tashi daga kasuwar Wudil.

Kawu Direba: Salamu alaikum. Yau a hanyar dawowa wani yaro da na ɗauko a gidan gaba ya kunna waɗannan 'yan barkwancin TikTok, tun daga gada har muka sauka daga kwalta yana ƙyaƙyata dariya shi kaɗai kamar ana yi masa cakulkuli. Na leƙa, sai na ga ƙato da gemunsa ya ɗaura zani da kallabi yana murguɗa baki. Ko murmushi bai zo min ba. Ni dai na faɗa, a rubuta a ajiye: tun da Allah ya karɓi ran Rabilu Musa Ibro a Disambar 2014 ba a sake yin mai ban dariya a ƙasar Hausa ba. Sauran duk 'yan rakiya ne.

Auta: Kawu, kana tuƙi kana leƙen wayar fasinja?

Kawu Direba: Ka kiyaye ni, Auta. A cunkoson shanu muke, motar ko motsi ba ta yi.

Yaya Mai Caji: Allah ya jiƙan Ibro, amma Kawu ka yi faɗi da yawa. Ni ne nake zaune a shago daga safe har dare ina tura wa mutane finafinai a memori, na san abin da ake tambaya. Gaskiya ne har gobe ana neman Ibro, musamman Fulanin da ke shigowa ranar kasuwa da dattawa irinku. Amma a cikin samari goma da wuya biyu su ambace shi. Bosho suke so, da Daushe, da Naburaska, da Madagwal. Matan aure kuwa sai dai a aiko yaro da waya a ce a cika ta da Gidan Badamasi. Duk waɗannan mutanen kuka suke yi in sun kalla?

Kawu Direba: Ai in babu rariya sai a tankaɗe da kwando. Kuma su Daushe da ka lissafa, a bayan wa suka taso? Ba tare da Ibron suka yi ta fitowa ba?

Baffa Hedimasta: Wa alaikumus salam. Na bar ku ne ku gama tukuna. Kai Direba, maganar da kake yi wa yaran nan yau, ita muka yi muku lokacin da kuka fara kwasar kaset ɗin Ibro. Mu a wurinmu shirme ne, shi ya sa ma aka ce wa irin finafinan camama. Mutum ya sa hula a karkace, ya zare ido, ya yi ihu, a bi shi da gudu, shi ke nan an gama fim.

Mu da Samanja muka tashi. Usman Baba Pategi, Banufe ne, kuma soja ne na gaske kafin ya zama sojan wasa, shi ya sa Hausarsa ta bariki ba kwaikwayo ba ce, abin da kunnensa ya ji ne. A zauren marigayi kakanku akwai rediyo guda ɗaya, a rataye a jikin ƙusa. In batir ya yi sanyi sai mu cire mu shanya a rana tun hantsi don kada ya mutu a tsakiyar shiri. Mutum goma sha a kan tabarma, ba mai ganin fuskar Samanja, amma in ya daka wa kurtu tsawa sai ka ga dattijo ya riƙe ciki. Wanda zai ba ka dariya da murya kaɗai, ba hula ba zare ido, shi ne gwani. Ga Ƙasimu Yero a Karambana, ga Karkuzu daga Jos. Samanja ya rasu a 2023, ban ji wani a zauren nan ya ce dariya ta ƙare ba.

Kawu Direba: Allah ya ba ka haƙuri Yaya, amma Samanja dariyar 'yan boko ce da tsofaffin soja. Rabin maganar Turancin bariki ne. Ni ban taɓa gane inda abin dariyar yake ba sai na ga kuna yi na taya ku.

Baffa Hedimasta: To ka ga ka faɗi gaskiya da bakinka. Shi ma yaron gidan gaba haka yake kallonka.

Gwaggo (saƙon murya ne, Auta ya rubuta): Ku duka kuna ta maganar rediyo da kaset kamar kowa aka bari ya je. Mu wa ya bar mu muka shiga zaure, balle gidan kallo? Dariyarmu a gidan biki take. In 'yan kama suka zo, ɗaya ya gyara zama kamar babban malami, ya yi gyaran murya, ka ɗauka wa'azi zai ja, sai ka ji ashe duk bayanin tuwo ne da miya da yadda ake yi wa malmala. Ko su ɗauki waƙar wani babban makaɗi su juye ta ta koma ta abinci. Na ga ranar da wata tsohuwa ta yi dariya har ta tuntsurar da ƙwaryar fura a bikin uwar Mai Caji. Sai kuma tashe in azumi ya kai goma, yara su manna gemun auduga su cusa tsumma a ciki. Waɗannan ba su da kaset, shi ya sa ba ku lissafa su.

Anti Nas: Gwaggo ta gama magana. Ni kuma bari in faɗi abin da zai ɓata wa Kawu rai. Na yi dariyar Ibro ina yarinya, ba zan yi ƙarya ba. Amma ku zauna ku duba da wa ake dariyar. Baƙauye ne ya shiga birni ya ga fanka ya ruga. Bagwari ne, Buzu ne, Bafillace ne da ba ya jin Hausa sosai. In ba su ba, kurma ne ko mai in'ina. Da na je makarantar kwana, satin farko aka gane daga ƙauye nake. In na buɗe baki sai wata ta karkace kallabi ta maimaita abin da na faɗa da irin muryar camama, ɗaki ya ɗauka. Wata uku ban yi tambaya a aji ba. Mu ne fa ake kwaikwaya, mu kuma muke biyan kuɗin shiga gidan kallo mu tafa.

Kawu Direba: A'a 'yata, nan kin zalunce shi. Ibro ba ɗan birni ba ne da ya zo yana kwaikwayonmu. Ɗan Ɗanlasan ne, nan ƙasar Warawa, a Wudil ya yi makaranta, ya yi aikin gandiroba shekaru kafin ya koma fim gaba ɗaya. Yadda yake tsugunawa, yadda yake cinikin akuya, yadda yake rantsuwa in an kama shi da ƙarya, duk namu ne, ba koya ya yi ba. Kuma ki tuna da kyau, a ƙarshen fim wa ke cin riba? Sau nawa baƙauyen nan da ake rainawa yake wanke Alhajin birni tas ya bar shi riƙe da baki? Gizo ne fa aka sa wa hula. Waɗanda suka tsokane ki a makaranta rashin tarbiyya ne ya dame su, ko babu Ibro za su samo abin da za su yi.

Anti Nas: Na yarda namu ne. Amma wanda ya kalla a Legas ko a cikin Kano bai san Ɗanlasan ba, Kawu. Abin da ya sani shi ne haka 'yan ƙauye suke. Kuma kurman fa? Shi wa ya wanke?

Kawu Direba: Wannan kuma ban ce komai ba.

Baffa Hedimasta: Tambayarta tana da nauyi, kada a tsallake. Bahaushe ya daɗe da sanin tsokana, amma ya yi mata shinge. Bafillace da Babarbare, Bakano da Bazazzagi, Bagobiri da Bayarabe, jika da kaka, ɗan mace da ɗan namiji. Duk inda ka ga wasan nan, kowane ɓangare yana da bakin ramawa, kuma a gaban juna ake yi. In Bazazzagi ya ce min Kanawa kaza ne, nan take zan mayar masa da wadda ta fi ta zafi, mu tashi mu ci tuwo kwano ɗaya. Shi kuwa fim hanya ɗaya yake bi. An yi da kai, an buga kaset dubbai, ba inda za ka tsaya ka rama. Wannan aibin bai tsaya kan Ibro ba, na yanzu ma sun gaje shi, har sun ƙara gishiri.

Kawun Haɗeja: Ina ta karantawa ina shiru saboda Bakatsiniyar gidan nan ta karɓe wayar tana duba ko na ambace ta. Shekara ashirin da aure, kullum sai ta ce Bahaɗeje in ya ga kifi mantawa yake da sallama. Ni kuma abin da nake ce mata ba zai rubutu a zauren da Yaya Hedimasta yake ba. Mu ba ma buƙatar memori.

Auta: Kawu Direba, ni inda ban yarda da kai ba shi ne cewa na yanzu ba su da komai sai ɗaura zani. Akwai masu hakan, ni ma ba sa burge ni. Amma akwai yaran da cikin minti ɗaya za su yi maka ɗan siyasa ranar kamfe da ɗan siyasa bayan ya ci zaɓe, ko mai shago da mai karɓar bashi, ka rantse a tsakar gidanku aka ɗauka. Kuma ba a banza suke sha ba. A 2022 wata kotu a Kano ta sa aka yi wa wasu samari biyu bulala ashirin-ashirin, da tara, da sharar harabar kotu, saboda bidiyon da suka yi suna tsokanar Gwamna Ganduje. Shi kansa Ibron ai an ɗaure shi a 2008, zamanin da hukumar tace finafinai ta matsa, a kan fim ɗin Ibro Aloko. Lokacin manya cewa suke yi yana ɓata tarbiyya. Yau ya zama ma'auni.

Baffa Hedimasta: Auta, a bar maganar gwamnoni a nan, zauren zumunci ne. Amma batun ɗaurin gaskiya ne, na tuna.

Yaya Mai Caji: Bari in ba ku abin da na gani da idona, don ni ina ganin ba a kan Ibro ake musun nan ba. Kawu, a ina ka kalli Ibro? A gidan kallon bakin tasha, an kewaye da zana, janareta na ƙara, mutum ya fi hamsin a kan benci, talabijin ɗin bai fi faifai ba. Kafin Ibro ya buɗe baki wani daga baya ya riga ya faɗi abin da zai ce, wuri ya kaure. Ko abin bai kai ba, dariyar na kusa da kai za ta ja ka. Yanzu kowa ya toshe kunne da iyafis ya sunkuya shi kaɗai, kai kuma ka leƙo daga gefe ba ka ma jin abin da ake faɗa, dole ka ga kamar taɓin hankali.

Da sallar da ta wuce na gwada. Na fito da babbar talabijin ƙofar shago na sa wa yara tsohon Ibro. Sun yi dariya, ba laifi, amma wani sai tambaya yake me ya sa hoton ya yi hazo, kuma in an fara doguwar waƙa sai su watse. Da daddare dattawa suka taru shan shayi, na sa musu Gidan Badamasi, wurin da 'ya'yan suka kewaye tsohon a kan kekensa kowa na lissafin abin da zai samu, shi kuma ya ƙanƙame dukiyarsa. Liman ma sai da ya rufe baki da gefen rawani. Akwai wani direba a wurin, ba zan faɗi suna ba, har shayi ya sarƙe shi.

Kawu Direba: Shayin ne ya yi zafi. Kuma wannan dabam, Falalu Ɗorayi da ya ba da umarnin shirin ai tsohon hannu ne, ba ɗan TikTok ba. Sannan abin da ya sa mutane suka yi dariya, kowa ya san gida irin wannan a garin nan.

Anti Nas: Kawu, ɗazu ka ce ba a sake yin kowa ba. Yanzu an fara cire wasu.

Kawu Direba: Ban janye ba. Ku kawo min mutum ɗaya da zai fito kawai, bai ce uffan ba, ya tsaya ya kalli kyamara, gidan kallo ya fashe. In kun kawo shi na sauka.

Auta: Mista Bin.

Kawu Direba: Na ce a ƙasar Hausa, ɗan nema.

Gwaggo (saƙon murya): Wannan Baturen mai 'yar tsana da ƙaramar mota? Auta ya nuna min shi. Ni ban ga abin dariya ba, tausayi ya ba ni. Mutum ya girma haka, shi kaɗai a ɗaki, shi zai dafa shi zai ci, ba mai ce masa sannu, sai 'yar tsana yake wa magana. Ba shi da dangi ne? A ce har yanzu bai yi aure ba?

Kawun Haɗeja: Da a Kano yake, azumi na zuwa Nalako Sarkin Gwauraye zai sa masa igiya a zaga gari da shi.

Baffa Hedimasta: Gwauro Nalako yake kamawa, wanda ya taɓa aure matar ta tafi. Wannan tuzuru ne.